Sauran Sa'o'i Ashirin da Uku

Duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya ya san amsar tambayar nan: don me Allah ya halicce mu? Kafin malam ya rufe baki, aji ya ɗauka baki ɗaya: don mu bauta masa. Amsar daidai ce, tushenta kuwa aya ta 56 a Suratuz Zariyat, inda Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa bautarsa ce dalilin halittar aljanu da mutane. Abin da ke damuna shi ne yadda muke haddace wannan amsa muna yara, mu girma ba mu taɓa auna faɗinta ba.

Bari mu yi lissafi. Salloli biyar na farilla, har da alwalarsu, kimanin sa'a guda suke ɗauka a yini. Azumi wata 1 ne cikin 12. Zakkar kuɗi kashi 1 ce cikin 40, ita ma sai ga mai nisabi. Hajji sau ɗaya ne a rayuwa, ga wanda ya sami iko. Idan iyakar bauta ke nan, to mutum yana cika manufar samuwarsa a sa'a ɗaya, sauran 23 kuwa sun bi iska. Alhali aya ta 115 a Suratul Mu'uminun ta ƙaryata masu zaton an halicce su ne don wasa. Ashe ke nan waɗannan sa'o'in ma suna cikin lissafi.

Magabata sun fahimci haka. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya kasa littafinsa Ihya'u Ulumiddin kashi huɗu, ya ba kashi na biyu kacokan ga al'amuran yau da kullum: cin abinci, aure, neman halal, zama da mutane da tafiye-tafiye. Ya kuma sanya likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su, laifin ya hau kan kowa. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya fassara ibada a littafinsa Al-Ubudiyya da cewa ta ƙunshi duk abin da Allah yake so na magana ko aiki, na sarari ko na ɓoye. Bisa wannan fahimta, 'yar kasuwar da ta cika mudu tana bauta, haka ma direban da ya duba birki kafin ya ɗauki fasinja. Suratul Muɗaffifin ma da gargaɗin masu tauye awo aka buɗe ta.

Sai dai ba kowane motsi ne yake zama ibada ba. Aya ta 2 a Suratul Mulk ta nuna cewa mutuwa da rayuwa jarrabawa ce, don a ga wanda ya fi kyautata aiki. Kyau aka ambata, ba yawa ba. Fudailu ɗan Iyad ya bayyana kyawun da sharaɗi biyu: aikin ya zama don Allah, kuma ya dace da koyarwar Annabi (SAW). Niyya ba ta wanke aikin ha'inci, ƙwarewa kuma ba ta cike gurbin niyya. Maginin da ya rage siminti a ginin aji, sannan ya ba masallaci sadaka daga ribar, ya faɗi sharaɗin biyu a lokaci guda.

Wannan batu ya shafe ni da tsarana kai tsaye. Mukan gama digiri, mu yi shekara guda a hidimar ƙasa, mu dawo gida da takarda a hannu. Daga nan tambaya ɗaya ce ke jiranmu a kowane gidan biki da zaman makoki: ina kake aiki yanzu? A hankali sai matashi ya soma auna ƙimarsa da albashi, in babu albashin ya ɗauka shi kansa ba shi da amfani. Daga wannan tunani ne wasu ke faɗawa shaye-shaye ko damfara. Amma aya ta 30 a Suratul Baƙara ta ba ɗan Adam matsayin halifa a bayan ƙasa tun kafin a san ofis ko takardar ɗaukar aiki. Mala'iku sun yi tambaya game da ɓarna da zubar da jinin da zai yi, kuma ina ganin rayuwar kowannenmu amsa ce ga tambayar nan tasu. Matashin da ke koya wa yaran unguwa karatu, ko yake jinyar mahaifiyarsa, ko yake koyon gyaran famfo da gaskiya, ya riga ya kama aikin da aka halicce shi dominsa, ko da ba a biya shi ko kwabo ba.

Wani zai ce faɗaɗa ma'anar ibada haka zai buɗe wa malalaci ƙofa, ya bar salla ya ce aikinsa ya ishe shi. Wannan tsoro yana da hujja. Amma salla ginshiƙi ce, kuma ba a kafa ginshiƙi sai don ya ɗauki rufi. Wanda ya ture shi ɗaki zai rufta masa. Wanda kuma ya kafa shi bai ɗora komai a kai ba, a fili zai kwana. Sau biyar a yini ana kiran mutum ya tuna wa yake yi wa aiki, domin sauran sa'o'in su san alƙiblarsu.

Akwai hadisi a Musnad na Imam Ahmad da ya umarci wanda alƙiyama ta riska da dashen dabino a hannunsa ya dasa shi in ya sami dama. Mai dashen ba zai ci 'ya'yansa ba, ba kuma wanda zai sha inuwarsa. Abin da ya rage kawai shi ne bawa da aikinsa da Ubangijin da ke ganinsa, kuma wannan ya isa dalilin tona ramin.