Idan Yaro Ya Cuci Kansa, Laifin Wa?

Akwai maganar da ba mu son yi a gidajenmu, har a bakin coci ma sai a yi ta ƙasa-ƙasa. A watan Disamba na 2018 jaridu sun ɗauko labarin wata ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da ta hallaka kanta a Samaru, aka yi 'yan kwanaki ana jimami, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Duk sa'ad da irin wannan labari ya iso, bakin mutane yakan rabu biyu. Waɗansu su ce rashin bangaskiya ne, waɗansu su ce asiri ne ko aljanu. Amsoshin nan biyu suna da daɗin baki, domin kowacce tana wanke hannunmu, ta bar nauyin a kan yaron ko a kan wani maƙiyi da ba a gani.

Koyarwar Ikklisiya a kan aikin kansa ba ta sake ba. Rai amana ne, doka ta biyar kuwa ta hana mutum kisan kansa kamar yadda ta hana shi kisan wani. Haka Waliyyi Agustin ya koyar, Waliyyi Toma Akwinas kuma ya ce laifin ya taɓa mutumin, ya taɓa jama'arsa, ya taɓa Mahaliccinsa. Abin da ya sake shi ne yadda Ikklisiya ke duban mai aikin. Dokokin Ikklisiya na 1917 sun hana jana'izar coci ga wanda ya kashe kansa da gangan, amma na 1983 ba su ƙara ambatonsa cikin waɗanda ake hana wa ba. Katekisim da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992 ya bayyana dalili a sashe na 2282 da na 2283: ciwon tunani mai tsanani, da baƙin ciki, da matsanancin tsoro suna iya rage alhakin mutum, kuma ba a fid da tsammanin cetonsa. Tun a ajin katekisim aka koya mana cewa zunubi mai kisa sai ya haɗa babban laifi da cikakken sani da cikakkiyar yarda. To, yaro ɗan shekara 16 da ya yi wata uku ba ya barcin kirki, yaya cikar saninsa, yaya kuma cikar yardarsa?

A nan ne ya kamata mu saurari likitoci, gama su ma bayin gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma cikin yara 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai yana fama da wata larurar tunani. Likitoci suna bambanta yaron da yake neman mutuwa da wanda yake ji wa jikinsa ciwo a ɓoye domin zafin jiki ya danne masa zafin zuci. Na biyun sau da yawa ba mutuwa yake so ba, amma wanda ya taɓa cutar da kansa ya fi sauran shiga haɗari daga baya, saboda haka ba a ce da shi neman suna yake yi. Sun kuma nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ciwon damuwa kuwa a jikin matashi ba kullum yake zuwa da kuka ba. Yakan zo da saurin fushi, da ƙin cin abinci, da kulle kai a ɗaki, abubuwan da mu manya muke kira rashin kunya, mu ɗauko bulala.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Thomas Joiner, ya yi bayani a 2005 wanda na ga ya dace da abin da muke gani a nan. Ya ce tunani biyu ne idan suka haɗu a zuciya suke haifar da sha'awar mutuwa: mutum ya gaskata cewa ya zama wa nasa kaya, ya kuma gaskata cewa ba shi da kowa. Ku dubi na farkon da kyau. Samaru gari ne da ya rayu a inuwar jami'a tun 1962, yaro yakan tashi yana ganin ƙofar makarantar kowace safiya, an kuwa gaya masa tun yana firamare cewa nan ne ƙofar mutunci. Uban ya sayar da masara ya biya kuɗin jarrabawa, uwar ta ci bashi a adashin zumuntar mata, ko kuwa suna da rumfa a kasuwar Sabon Gari da ke ciyar da mutum tara. Sakamako ya fito, bai yi kyau ba. Ran nan sai a ce masa, “Ka ga ɗan wane? Kai dai asarar kuɗi kawai.” Uban da ya faɗi haka ba ƙin ɗansa yake yi ba, gajiya ce da tsoron gobe, kafin gari ya waye ma ya manta. Yaron kuwa ba ya mantawa. Yakan zauna ya yi lissafi irin na yara, ya ga cewa in ba shi, ƙannensa za su sami kuɗin makaranta. Abin tsoron shi ne, a idonsa wannan mugun tunani kama da ƙauna yake yi. Ba ya ganin kansa mai tayar wa Allah kai, gani yake zai sauƙaƙa wa gida.

Lambar da muke auna 'ya'yanmu da ita ma ba wahayi ba ce. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito fili ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawa. Kafin wannan sanarwa, yara nawa aka riga aka kira dakikai a gidajensu?

Tunani na biyu, na rashin kowa, tarbiyyarmu ce wani lokaci take ciyar da shi ba da saninmu ba. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun koya wa yaro kunya da haɗiye magana, kuma akwai alheri a ciki. Amma yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aiki a gidan dangi, wani babba a gidan yana lalata da ita, wa za ta gaya wa? Wadda ta ga ta yi ciki tana aji biyar, ta kuma san abin da za a yi da sunan iyayenta a coci, ina za ta? Irin waɗannan yara suna zaune cikin mutane goma, amma su kaɗai ne. Waɗansu sukan nemi sauƙi wajen tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, maye kuwa yana cire ɗan birkin da ya rage.

Wani dattijo zai ce, “Fada, in kun sassauta, ai kun buɗe ƙofa. Tsoron wuta ne ya riƙe mutanen da.” Ban raina wannan magana ba, gama sanin cewa rai na Allah ne ya tsare mutane da yawa a mugun dare, shi ya sa ba za mu daina koyar da shi ba. Sai dai tsoratarwa tana aiki ne ga mai tunani a natse, wanda ciwo ya rufe wa ido kuwa tana ƙara masa tabbacin cewa shi ɓatacce ne. An gwada hukunci. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, a sashe na 231. Amfanin da irin wannan doka take haifarwa shi ne iyali su ɓoye yaro maimakon su kai shi asibiti. Ghana ta soke tata a 2023.

Ku tuna da annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Mutum ne da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ba wanda zai ce ba shi da bangaskiya, duk da haka ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai ya roƙi mutuwa. Ba a fara da yi masa wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, aka ba shi gurasa da ruwa, har sau biyu. Sai da ya kai Horeb aka yi magana da shi, da ya yi kukan cewa shi kaɗai ya rage, aka nuna masa akwai mutum 7,000, aka ba shi aiki, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Saura abu guda wanda yake hannunmu tun yau. Ga matasa da yawa, lokacin tsananin nan gajere ne, in ya wuce ba tare da makami a kusa ba, akasarinsu sukan rayu. A ƙasar noma irin tamu makamin maganin ƙwari ne, yana bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan ƙwari mafi guba, kisan kai a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuwa bai faɗi ba. NAFDAC ta ƙuntata sayar da ƙananan kwalabe a 2019, amma fiya-fiya bai bar gidajenmu ba. A kulle shi, mabuɗin ya zauna a hannun babba. In kuma kun ga yaro ya sake hali, yana sa dogon hannu cikin zafin bazara, yana raba kayansa, ko yana cewa gara ba shi, ku zauna ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa yaro tunanin. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a yi addu'a tare da shi, sa'an nan a kai shi sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, a ranar, ba sai bayan Misar Lahadi ba.