Kwata Kafin Fenti: Haƙƙin Unguwa a Wuyan Shugabanni

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina da ku wasiyya da jin tsoron Allah.

Jama'a, ba mu manta da ƙarshen watan Yulin 2025 ba, lokacin da ruwa ya shiga Shagari Low Cost da Sabon Pegi da Yolde Pate a nan Yola mutane na barci. Sama da mutum 20 suka rasu, cikinsu har da ƙananan yara. Allah Ya jiƙan su. Kafin nan mun sha ambaliyar 2012 da ta 2022, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru Kogin Binuwai ya tumbatsa. A 2024 kuma amai da gudawa ya kwantar da mutane a cikin Jimeta. Mun yi imani da ƙaddara. Amma magudanar da ta cushe da leda da yashi, da gidan da aka bari aka gina a kan hanyar ruwa, waɗannan aikin hannun ɗan Adam ne, kuma za a tambaye shi.

Mun ga gadojin sama da gwamnatin jihar Adamawa ta gina, mun ga tituna, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. To amma ku shiga lungunan Jambutu ko Doubeli ko Rumde ku tambayi uwar gida me ta fi buƙata. Za ta nuna muku kwatar da ke ƙofar zaure, ruwa ya yi kore, sauro na ƙyanƙyasa, yara na tsallakawa zuwa Islamiyya. Za ta lissafa muku abin da take ba ɗan ga-ruwa kullum, ga kogi kwance a gefen gari. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina ne saboda ruwa shi ne abin da ya dame su a lokacin.

Ya ku ciyamomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu, da ku kansiloli, tsarin mulkin ƙasa ya ɗora muku gyaran magudanai da hanyoyin cikin unguwa, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da maƙabartu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In kuɗin na zuwa, ku faɗa wa jama'a inda ya shiga. In ba ya zuwa, ku fito ku faɗa. Kada mutane su roƙi kwalbati a kawo musu fenti da allon sanarwa. Mazaɓu 11 ne a Yola ta Arewa, ba su fi ƙarfin a zauna da kowacce kafin a rubuta kasafin kuɗi ba. Shugabanci amana ne, ranar hisabi kuwa babu mai tsaya wa wani.

Mu ma, 'yan'uwa, muna da namu. Mai jiran hadari ya haɗu ya juye bolarsa a lambatu, maƙwabcinsa na gangare yake cutarwa, alhali Manzon Allah ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Bayan sallar nan, dattawan kowace unguwa su zauna da mai unguwa da matasa, a ji ta bakin mata, a tsayar da buƙatu biyu ko uku mafi gaggawa. A rubuta, a sa hannu, a kai wa kansila, a ajiye kwafi, a sa ranar komawa. Asabar mai zuwa kuma a fito da shebur da baro a yi gayyar yashe kwata.

Ya Allah Ka shiryi shugabanninmu, Ka tsare Adamawa daga ambaliya da annoba. Ina neman gafarar Allah gare ni da ku, ku nemi gafararSa.