Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Mai karatu, in ka shiga Kasuwar Sabon Gari ka tsaya wajen masu tura finafinai a waya, leƙa kwamfutar da yaron shagon ke aiki da ita. Da wuya ka rasa VLC a ciki, manhajar nan da ke buɗe kusan kowane irin fim. Ba wanda ya biya ko kwabo. Wayar da ke aljihunka ma, in Tecno ce ko Infinix, Android ɗinta a kan Linux aka gina shi. Irin waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji. Aikin gayya ne: mutane daga ƙasashe daban-daban su haƙa rijiya, kowa ya sha.

To amma fa guga ya na hannun kamfanoni. Da yawan masu wannan aiki su na ajiye rubutunsu ne a GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018. A Yulin 2019, GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran, Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Wasu sun ce sun wayi gari ne kurum su ka ga ƙofa a garƙame, ba gargaɗi. A Oktoban 2024 kuma aka cire sunayen wasu Rashawa daga jerin masu kula da sassan Linux. Shin laifin gwamnati ya na hawa kan wanda bai taɓa zama a fada ba?

Mu nan mun san zafin abin. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a Yulin 2023 bayan kifar da Bazoum, sojoji ta nufa, amma fatake da masu jinya ne su ka maƙale a kan iyaka, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi.

Ka ɗauka kai ne mai shago a Sabon Gari, wani abokin cinikinka na Maraɗi ya bar maka ajiyar kaya, sai aka rufe iyaka. Ni ba zan ce ka bi ta daji da kayan ba, don ka na da iyali da yaran shago. Kamfani ma haka ne. Wanda ke zaune a Amurka dokar Amurka ce a wuyansa, kuma takunkumin da aka ƙara wa Rasha bayan mamayar Yukiren a 2022 ba kara-zube aka yi shi ba.

Sai dai bin doka daban, zaƙewa daban. Doka ta hana ka kai kaya, ba ta ce ka daina ɗaga wayarsa ba, ba ta ce ka ɓoye masa dalili ba, balle ka riƙe masa ajiya. A ganina haƙƙin da ke kan kamfani kenan: ya tsaya daidai inda doka ta tsaya, ya faɗa wa mutum gaskiya, ya ba shi damar kwashe aikinsa in doka ta bari, sannan ya je ya buga ƙofar hukuma a madadinsa.

Kada ka ce tatsuniya na ke yi. Editocinmu sun san Adobe, mai Premiere. A Oktoban 2019 ya ce zai rufe asusun mutanen Benezuwela, amma kafin watan ya ƙare ya samo izinin ci gaba da hulɗa da su. GitHub ma, bayan kusan shekara biyu ya na kai-komo, ya samu lasisin dawo wa mutanen Iran da cikakkiyar hidima a Janairun 2021. Ashe ƙofar na buɗuwa in an buga. Abin da zan zargi kamfani da shi shi ne ya garƙame, ya jefa makulli a aljihu, ya ce ai doka ce.

Wannan karon Iran ce da Rasha. Mu da kusan duk kayan aikin fim ɗinmu aro ne daga waje, wa ya ba mu tabbacin gugan ba zai tsaya a kanmu ba wata rana?