Waɗanda Salsala Ta Manta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa, na zauna da gwaggona a Damagaram domin in rubuta salsalar gidanmu. Da na gama sai ta ce: "Ɗana, waɗanda suka rayu kaɗai ka rubuta." Kakarta ta haifi 11, guda 3 suka girma. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta ɗauki 2, sauran kuwa agana da ƙyanda. Domin haka aka laƙaba wa kakana Ajuji, ko mutuwa ta raina shi.

Sai na tambayi kaina: wannan fushin Allah ne bisa talakawa? A'a. Shugaban Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya binne Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim suna ƙanana.

Amma ku sani, kakanninmu sun yi haƙuri ne inda babu magani. Rigakafi ya kawar da agana daga duniya, an tabbatar a 1980. Wanda ya hana ɗansa allurar ƙyanda yana kiran tawakkali, bai gaji haƙurinsu ba, ya tozarta amana. Allah ya gafarta musu, ya raya mana zuriya. Amin.