Fasali a Kan Muhasaba: Shin Binciken Imani Shakka Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah Ya yi mana muwafaƙa tare da kai, cewa wasu ɗaliban Jami'ar Njamena da ke nan Tukra suna tambaya: shin ya halatta mutum ya kaɗaita ya tuhumi imaninsa, ko kuwa yin haka buɗe wa Shaiɗan ƙofa ne?

Sai mu ce: magabata sun yi, ba su ɓata ba. Harisu Almuhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243 bayan Hijira, da wannan aiki ya sami laƙabinsa. Imamu Gazali kuwa ya bar kujerar karantarwa ta Nizamiyya a shekara ta 488, saboda ya duba niyyarsa ya tarar neman suna ya gauraya da ita. A cikin Ihya'u ya misalta rai da abokin fatauci: ka yi masa sharaɗi da safe, ka sa masa ido da rana, ka yi lissafi da shi da dare. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa hasara.

To, amma akwai bambanci tsakanin muhasaba da waswasi, kuma nan ne ƙafar da yawa take zamewa. Waswasi yana tono a kan Zatin Ubangiji, ba ya ƙoshi da amsa, kuma yakan bar mai shi da nauyin jiki wajen salla. Muhasaba kuwa bawa take tuhuma: kai da kake cewa ka dogara ga Allah, ga wa zuciyarka take gudu idan abu ya ɓaci?

Mutanen wannan yanki sun ga misali da idonsu. A watan Oktoba na 2022 kogin Shari da na Logon suka yi ambaliya, ruwa ya ci gidaje a Waliya, aka tsugunar da jama'a cikin tantuna a Tukra. Wanda ya shekara talatin yana faɗin tawakkali da harshe, a waɗannan darare ya gane ko ga Allah ya jingina, ko ga katangarsa da buhunan hatsinsa. Kada ka ɗauka muna zargin wanda ya yi kuka. Hawaye ba ya warware yarda da ƙaddara. Abin dubawa shi ne abin da zuciya ta ce game da Ubangijinta bayan hawayen ya bushe.

Idan ka ce: ashe ke nan imanin talaka da bai san hujjojin tauhidi ba bai inganta ba? Sai mu ce: a'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi raddi mai zafi ga ɗaliban da suke kafirta jama'a da irin wannan jarrabawa. Tsohuwar da ba ta karanta Ummul Barahina ba tana iya fin mai haddarsa yaƙini. Ma'aunin nan don kanka aka ba ka, ba a ba ka don ka auna maƙwabci ba.

Lokacinta mafi dacewa shi ne bayan lazimin maraice, in ka gama istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Ka zauna kaɗan, ka ɗauki aiki ɗaya na yinin, ka tambayi kanka don wa ka yi shi. In shubuha ta tsaya maka a aƙida, kada ka kwana da ita kai kaɗai, ka kai ta ga malami. Halwa mai tsawo kuwa ba a shigarta sai da izinin shehi mai tarbiyya. Wallahu a'alamu.