Idan Gida Ya Yi Tsada, Wa Ya Farfaɗo?

A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya kama gangara. Zuwa 2012 ya zube da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, bankuna kuma sun ƙwace gidajen miliyoyin mutanen da suka kasa biyan bashi. Da farashin ya juyo sama, sai jaridu suka ce kasuwa ta farfaɗo. Wajen 2016 ya komo inda ya baro, amma da yawa daga waɗanda aka fitar ba su koma gidajensu ba. Kamfanoni irin su Blackstone sun riga sun saye dubban gidajen da araha, sun zuba 'yan haya.

Kalmar farfaɗowa ce ta tsaya mana a rai, domin majinyaci ake faɗa wa ita. Idan gero ya yi tsada a kasuwar Dawanau, babu mai cewa kasuwa ta samu lafiya, salati muke yi. To me ya sa tsadar gida take zama albishir, alhali buƙatar wurin kwana ba ta gaza ta tuwo ba?

Amsar tana gidajenmu. Wanda ya sayi fili a bayan garin Kano shekarun baya, duk ranar da dillali ya gaya masa kuɗin ya ninka, sai ya yi hamdala. A gidan nan kuma akwai ƙaninsa da aka ɗaga bikinsa saboda ya kasa haɗa kuɗin hayar shekara. Ribar wa ita ce ta hana ƙane ɗaki, ko da ba su taɓa yin ciniki da juna ba. Yawancinmu mun zauna a ɓangarorin biyu: muna addu'ar farashi ya sauko lokacin da muke nema, ranar da takarda ta shigo hannunmu kuma addu'ar ta juya.

Mai gida ma yana da hujja, kuma sai an saurare shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Siminti da rodi da kwano duk sun bi ta. Wanda ya ajiye guminsa a banki yana kallo ya narke, don haka ya gudu zuwa ƙasa da bulo. Akwai kuma uwar marayu da kuɗin hayar ɗakuna biyu ne cefanenta. Idan ta yi ƙari, ba za mu kira ta azzaluma ba.

Saboda haka mizanin da muke gani shi ne wanda muka daɗe muna auna ɗan kasuwar hatsi da shi. Wanda ya sayar da tsada don shi ma da tsada ya saya, ba mu zarginsa. Wanda ya kulle rumbu yana jiran yunwa ta ƙara masa farashi, shi malamai suke yi wa wa'azi a kan ɓoye abinci. Gidajen da suke kulle shekara da shekaru a Maitama da Asokoro, babu kowa sai mai gadi, yayin da ma'aikata suke sammako daga Mararaba da Suleja, da wane rumbu suka fi kama? Haka filin da muka kewaye muka bari ciyawa ta cinye, muna jiran gari ya iso.

Kafin mu ƙara wa ɗan haya kuɗi, ya kamata mu tambayi kanmu ko gyaran gidan ne ya tashi, ko kuwa mun ji maƙwabci ya ƙara ne, mun kuma san mutumin ba shi da inda zai kai iyalinsa. Na farkon kare dukiya ne. Na biyun cin gajiyar rashin mafitarsa ne, ko da dillali ya ce haka kasuwa take.