Bashin da makaɗi ke binmu

A watan Disamba na 2018, lokacin da aka yi bikin cikar Jamhuriyar Nijar shekara 60 a Damagaram, bikin da aka raɗa wa suna Zinder Sabuwa, gidana ya cika da baƙi. Gwaggona ta zo daga Tasawa tare da ɗanta da jikokinta uku, babbarsu budurwa ce da ta gama lise. Kwana biyar suka yi. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kan waɗannan kwanaki ina fasawa, domin maganar ta shafi gidanmu, kuma ni ma ina da nawa laifi a ciki.

Da rana yawo muke yi. Ɗan gari ba ya duban garinsa sai ran da baƙo ya sauka. Ni da nake ratsa Birni a kan babur ban taɓa tsayawa na ɗaga kai ba, sai ga ni ina nuna wa yara zanen da magina suka yi a fuskokin tsofaffin gidaje, da ɗan abin da ya rage na ganuwa, da manyan duwatsun da gari ya zauna a tsakaninsu. Halin malanta bai bar ni ba. Na yi ta zuba musu shekaru: ga Sarki Tanimun da ya ɗaukaka Damagaram a ƙarni na 19, ga shigowar Faransawa a 1899 zamanin Ahmadu Kuran Daga, ga 1926 da aka ɗauke babban birni aka mai da shi Yamai. Yaran suna ta hamma, ƙaraminsu yana neman mai sayar da ƙanƙara. Muna isa ƙofar fada sai muka tarar da masu algaita da ganga, wani dattijon maroƙi yana jero sunayen sarakuna, kowane da kirarinsa. Nan yaran suka tsaya cik. Gwaggo ta riƙe haɓa tana gyaɗa kai, ta ce rabon da ta ji irin wannan tun tana sauraron Ma'azu Ɗan Alalo a rediyo. Da muka koma gida, ba wanda ya tuna shekara ko ɗaya daga cikin waɗanda na faɗa, amma ƙaramin yana ta maimaita kirarin Tanimun har ya yi barci.

Da dare kuma sai dandalin kiɗa, inda ƙungiyoyin jahohi ke karawa da juna. A can na ga abin da ban taɓa zato ba. Gwaggo, wadda ban san ta ba sai da carbi a hannu, ta miƙe ta ratsa mutane, ta kwance haɓar zane, ta ciro dala ɗari ta manna wa mai kalangu a goshi, har ta ɗan taka kafin ta dawo. Ta zauna tana dariya tana share hawaye. A hanya ta ba mu labarin cewa tana budurwa, zamanin Seyni Kunce, ita ce mai ba da waƙa a samariyar unguwarsu. Jikokinta ba su taɓa jin wannan ba. Ni ma haka.

A dare na huɗu, bayan an ci tuwo, ɗanta ya kawo maganar da ashe ita ce rabin dalilin zuwansu. Akwai saurayin da ke neman babbar yarinyar. Malamin asibiti ne, mai salla, ba wanda ya taɓa jin abin assha a kansa, kuma yarinyar na sonsa. Sai dai mahaifinsa makaɗi ne, kalangu ya gada kaka da kakanni. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Ɗana, kiɗa daban, aure daban. Gidanmu ba mu taɓa haɗa iri da maroƙa ba, ba kuwa a kaina za a fara ba." Ɗan ya juyo gare ni ya ce: "Yaya, kai ne malami, sa baki." Na ce a yi ta addu'a, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Magana ce mai kyau, amma na san gudu na yi da ita.

Tambayar da ta hana ni barci daren nan ita ce nake son in ajiye gaban ƴan uwana malamai da masu ƙungiyoyin raya al'adu. Mutumin da ya faranta maka rai har ka yi hawaye, ya tuno maka ƙuruciyarka, ya riƙe maka sunayen kakanninka, me yake binka? Dala ɗari ta biya?

Ba zan yi wa Gwaggo rashin adalci ba, domin ƙyamar tata ba daga sama ta faɗo ba. Roƙo sana'a ce da ke rayuwa a kan hannun wani. Maroƙi yakan kira matsoraci zaki in ya ga aljihu, yakan kuma juya yabo ya koma zambo in an hana shi, har mutum ya ba da kyauta don tsoron baki ba don jin daɗi ba. Al'ummar da ta ɗora mutunci a kan kunya da kame baki da cin gumin kai, dole ta yi wa mai wannan sana'a kallon hadarin kaji. Ga kuma malaman addini da suka daɗe suna jan kunne a kan kiɗan da ke haɗa maza da mata ya shagaltar da su daga salla. Akwai kuma tsoro irin na uwa: ta san bakin mutane, ta san abin da za a ce wa jikarta a gidan biki, da sunan da za a laƙaba wa ƴaƴan da za ta haifa. Wanda ya ce duk wannan jahilci ne, bai zauna cikin mutane ba.

Amma a duba da kyau. In kiɗa ne abin ƙi, to wanda ya taka rawa ya shiga ciki, kuma wanda ya biya ya fi shiga, tun da ba don kuɗinsa ba da an rataye kalangu. Ba ya yiwuwa ka sha romo ka ce nama haram ne. In kuwa ƙarya da zambo ne abin ƙi, ai hali ne na mutum, ana samunsa wajen ɗan kasuwa da ɗan siyasa, har da malamin lakwal, kuma ban taɓa jin an hana ɗan mai tauye mudu aure saboda mudun ubansa ba. Saurayin nan bai taɓa roƙon kowa ba, allura yake yi. Abin da aka tuhume shi da shi haihuwa ce, abin da ba wanda aka yi shawara da shi a kai. Mu da muke karanta cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa, da wace hujja muke auna mutum da fatar da ubansa ke bugawa?

Na yi ta tunanin kuɗin nan da muke mannawa a goshi. Da ina ɗaukarsa alamar karamci. Yanzu ina ganin yana da wani aiki na biyu da ba mu faɗa: yana yanke hulɗa. Wanda ya yi maka alheri ba ka biya ba, kana jin nauyinsa, za ka gaishe shi, za ka je masa suna da jana'iza, wata rana ma ku zama surukai. Wanda ka biya nan take gaban jama'a kuwa, kun rabu, ba ya binka komai. Hannunka na sama, nasa na ƙasa, kowa ya gani. Shi ya sa muke iya ba makaɗi riga da doki, har da kujerar Makka, ba tare da mun ji zafi ba, amma mu kasa ba shi tabarma ɗaya da mu. Kyautar ce katangar.

Labarin samariyar Gwaggo ma ya nuna wani abu. A wancan zamani, tsakanin 1974 da 1987, ƴaƴan malamai da na attajirai sun hau dandali sun yi waƙa da rawa, iyaye suna tafi, saboda an ce aikin ƙasa ne. Waƙar ba ta zubar da mutuncin kowa ba muddin ba da ita yake cin abinci ba. Ashe ba muryar muke ƙi ba, ba kuma gangar ba. Abin da muke ƙi shi ne wanda ya ba da rayuwarsa gaba ɗaya ga abin da mu muke taɓawa sau ɗaya a shekara. Alhali ba don shi ba, da ranar bikin ba mu sami wanda zai buga mana ba.

Wata guda kafin bikin, a Nuwamba 2018, Malam Maman Barka ya rasu a Yamai. Malamin makaranta ne kamarmu kafin gurmi ya ɗauke shi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan nan na masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, a lokacin da ake fargabar zai bi tsohon kabari. Ya kai shi har ƙasashen Turai. Da ya rasu kowa ya yabe shi, kuma ya cancanta. Sai dai na lura har ya bar duniya "Malam" muke ce masa, kamar alli ne ya wanke gurmin. Muna da gasa mai sunan Ɗan Gurmu, muna da cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Girmama makaɗin da ya mutu ba shi da wuya, tun da ba zai aiko neman aure ba.

Nawa laifin ya fi na Gwaggo, domin ita abin da ta yi imani da shi ta faɗa. Ni kuwa shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo, a darasin Faransanci ina karantar da Soundjata na Djibril Tamsir Niane, littafin da gaba ɗayansa daga bakin maroƙi aka ɗauko shi, ina gaya wa yara cewa waɗannan mutane su ne taskar tarihin Afirka. A darasin Hausa ina sa su fitar da salo da azanci daga waƙoƙin baka, ina ba da maki. Da albashina da nasu abincin duk daga tukunya ɗaya suke fitowa, sai dai ni ana ce mini mushe. Amma ran da aka ce in faɗi kalma ɗaya a tsakar gidana, sai na ɓuya bayan addu'a. Na kuma tambayi kaina: in tawa ƴar ce fa? Amsar ba ta zo da saurin da nake so ba. Ƙungiyoyinmu na al'adu su ma su binciki kansu: sau nawa muka gayyato makaɗa suka buɗe mana taro, sa'an nan da aka zo zaman tattaunawa a kan makomar al'ada muka sallame su da kuɗin mota, muka rufe ƙofa?

Ran da za su koma, na raka su tasha. Kafin mota ta cika na ja Gwaggo gefe, na durƙusa, na ce: "Gwaggo, daren jiya ban faɗi gaskiya ba. Yaron nan ba shi da aibi. In an hana shi, a ce mun hana, kada a ce shi ne bai isa ba." Ta daɗe tana kallona. Ta ce: "Na ji, ɗana. Kai boko ya ba ka baki. Ni ce zan zauna da mutanen Tasawa, ba kai ba." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta ƙi ba. Yarinyar tana can kujerar baya ta lulluɓe fuska da mayafi, ban san ko ta ji mu ba. Sai Gwaggo ta miƙo mini wayarta ta taga, ta ce in yi sauri in kai wa yaron can mai rumfa ya sa mata kiɗan daren nan a kati kafin direba ya tashi.